Jinin Auta

A danginmu kowa da abin da aka san shi da shi. Kawunmu shi ne mai wankan gawa, wata gwaggonmu ita ake tasowa in haihuwa ta zo da gardama, ni kuwa ni ne mai ba da jini. Ba ni na zaɓa ba. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai matar wani ɗan baffanmu ta zubar da jini wajen haihuwa, aka kwashe mu mu shida a bayan mota zuwa asibiti, aka soki yatsan kowa, aka ce nawa ne kaɗai zai yi. Ma'aikacin labo, wato ɗakin gwajin jini, ya ce jinina irin mai shiga jikin kowa ne, kuma ba a cika samunsa ba. Matar ta tashi. Tun daga ranar na shiga uku, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗin shiga ukun.

A Garwa, garinmu a arewacin Kamaru, asibiti ba ya ajiye jini yana jiran mutum. In likita ya ce a ƙara wa mara lafiya, danginsa ne za su bazama neman mai bayarwa. A nan ake gane maza. Ƙato mai cin tuwon mutum uku sai ya tuna yana da zazzaɓi, wani ya ce zai je ya dawo ba a sake ganinsa ba sai ranar suna ko ranar sadakar uku. Wasu na cewa ba da jini yana rage wa namiji ƙarfi, wasu na cewa ba ya dawowa. Shekarun da aka zaftare albashi, lokacin da har auduga sai dangi sun sayo, abin ya ƙara tsanani. Ni dai ina shagon atamfa da shadda da na gada a babbar kasuwa, wanda kakanmu ya kafa bayan ya zo fatauci daga ƙasar Kano ya ƙi komawa. Da na ga mai moto, wato babur, ya tsaya ƙofar shagon da wani a baya fuska a murtuke, na san ba atamfa aka zo saye ba. In bar wa maƙwabcina shago, in dawo bayan awa biyu da auduga a gwiwar hannu, ina tafe ina ɗan naɗe hannun riga don kada wani ya kasa gani. Da yamma kwanukan hanta da gorunan folere, wato zoɓo, su yi ta shigowa gidana, domin matan Garwa sun yi imani jan abu shi ke mayar da jini.

Ni ne ɗan farin Innarmu, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa gaban mutane. A Garwa kuma, inda muka tashi cikin Fulani, kunyar ta ninka. Tun ina yaro sunana a bakinta "wancan". In na shiga gaishe ta sai ta sami abin dubawa a cikin faifai. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, an sha faɗa mini, amma sanin bai taɓa ƙosar da ni ba. Hanya ɗaya nake ganin abin da ke zuciyarta. In aka je gida neman jini takan ce, ba tare da ta ɗago ba, a je kasuwa wancan yana nan. Ƙannena mata ke kawo mini labarin, su ce yadda ta faɗa kamar mai nuna wa baƙo rijiyar gidansu.

Autanmu kuwa, wanda na ba shekara takwas, sunansa uku a bakinta, ban da na yanka. Shi ke zama bakin tabarmarta, shi ke sa hannu a kwanonta, har ya yi gemu tana cire masa ƙayar kifi. Ya yi makarantar Faransanci ya zama malami, aka tura shi garin Cholire mai nisa, yana dawowa hutu da littattafai da tabarau da muryar nan tasa mai sanyi kamar wanda bai taɓa ciniki da kowa ba. Abu ɗaya na fi shi, kuma na riƙe shi gam: ba ya iya ganin jini. Ranar layya in an kayar da rago shi ne zai tuna yana da takardun gyarawa. Shekara da shekaru ina masa dariya a kan wannan, yana murmushi yana cewa Hamma ka ji da kanka. Hamma yake ce mini, yadda ake kiran wa a garinmu.

Ina da shekara arba'in da takwas ciwon baya ya matsa mini. Likita ya rubuta gwaje-gwaje, komai ya fito daidai sai abu ɗaya da ya ƙi sauka. Aka aika jinina Yawunde, aka jira mako uku, sannan aka ce in bi shi da kaina. Na hau mota zuwa Ngaundare, na shiga jirgin ƙasa, na ce wa mutanen gida kaya na je dubawa. A can suka ɗauki hoton ƙasusuwana, suka huda ƙashin ƙirjina suka zuƙo ɓargo. Ban taɓa tsoron allura ba, amma wannan ta sa na kira sunayen Allah da na daɗe ban kira ba.

Likitan da ya ba ni sakamako mutumin kudu ne, mai haƙurin bayani. Ya shimfiɗa wata takarda mai zane kamar jerin tuddai, ya ɗora biro a kan wani tsini siriri da ya miƙe a gefe ɗaya. Ya ce wasu ƙwayoyi ne a ɓargona suka ware kansu suna ta ƙera furotin iri ɗaya, wanda jiki bai nema ba kuma ba ya amfani da shi. Ya ce ba ciwon daji ba ne, ya maimaita har sau biyu. Yawancin masu shi suna tsufa da abinsu, wani abu daban ne ke ɗauke su. Amma a jikin wasu yakan juya ya zama ciwon dajin ɓargo, kuma babu wanda zai iya cewa jikin wa, ko yaushe. Na tambayi magani ya ce babu, domin babu abin da za a yi wa magani. Na tambayi abin da zan daina ci ya ce in ci abin da nake so. Aikina kawai in riƙa kawo jini ana dubawa, da fari bayan wata shida, daga baya shekara shekara, in kuma lura da ciwon ƙashi da kasala. Ciwon bayan da ya kawo ni ma, in ji shi, ɗaukar dilar atamfa ne da zaman benci.

Na miƙe zan fita sai bakina ya ja mini. Na ce masa, da ɗan alfahari, ai jinin nan da yake gani ya shiga jikin mutanen da ban san iyakarsu ba. Ya ajiye biron.

"Wannan kam ya ƙare," ya ce da Faransanci. "Ba na cewa ka cutar da kowa. Amma jinin da muke sa wa ido ba ma sa shi a jikin mara lafiya."

Maganar ciwon daji ban ji ta sosai ba sai bayan kwanaki. Wannan kuwa nan take na ji ta, har na nemi wurin zama a barandar asibitin.

Na dawo Garwa da abin da ba shi da suna a Hausa, ba shi da suna a Fulatanci. Matata kaɗai na faɗa wa, na sa ta rantse. Na san garinmu. Da kalmar daji ta fita, babu mai jin "ba" ɗin da ke gabanta, kafin Juma'a an fara zuwa yi mini kallon bankwana, kuma Inna za ta ji. Sai na shiga wata irin hassada da ban san ina da ita ba. Maƙwabcina na kasuwa yana da ciwon suga, ina kallonsa yana haɗiyar ƙwayoyinsa da azahar, yana tura kofin shayi gefe, mutane na ce masa sannu Alhaji, ya jiki. Wallahi ƙyashinsa na ji. Shi ya san abokin faɗansa, yana da abin yi a kansa kullum. Ni kuwa garau nake, ina cin abinci kamar gara, masu wucewa na cewa na yi ƙiba, kuma a cikin ƙasusuwana akwai abin da ke zaune bai ce zai tashi ba bai ce ba zai tashi ba. Masu dako da ke ɗaukar dila a ka, su ma na yi musu hassada, don in bayansu ya yi ciwo ciwon baya ne kawai.

Masu neman jini ba su daina zuwa ba. Na fara ƙarya. Yau zazzaɓi, gobe ai ban daɗe da bayarwa ba, jibi likita ya ce in huta. Akwai ranar da na hango moto na shige bayan dilolin shadda na durƙusa, ni da furfurata, ina jin maƙwabcina yana rantsuwa yanzu ya gan ni. Magana ta fara yawo. Wasu suka ce dukiya ta canja ni. Wasu suka rage murya suka ce mutum ya je Yawunde ya dawo ya daina ba da jini, ai ba sai an faɗa ba, suna nufin cutar nan da ake tsoro a shekarun. Na zaɓi a ce mini marowaci. Kwanukan hanta suka daina zuwa. Abin da ban sani ba shi ne ko Inna na nan tana cewa a je kasuwa, kuma ban sami bakin tambaya ba.

Haka na yi shekara huɗu. A ɗebi jini, a aika, in yi mako biyu ko uku ina faɗa da kowa a gida, ambulan ta zo, tsinin yana nan yadda yake. Likitan Garwa ya ce madalla, sai baɗi. In fito in ji daɗi na kwana biyu, sannan in fara lissafin baɗin.

Cikin damina, watan Agusta, kogin Binuwai ya cika har ya shafe gonakin bakin gada, Inna ta yi aman jini da hantsi. Ashe ƙwayoyin ciwon gwiwa da take saya tana haɗiya ba ci ba sha sun huda mata ciki. Auta yana gida hutu, shi ya ɗauke ta. Ko da na isa asibiti barandar ta cika da dangi, Inna na kwance tafin hannunta fari fat. Likita ya ce jini, yanzu. Ban ga wanda ya yi shawara da wani ba, kawai duk fuskokin suka juyo gare ni. Ko masu cewa na zama marowaci sun san ba zan hana uwata ba. Wata ƙanwata ta ce tun a mota Inna ke cewa a kira wancan.

Na nufi labo, Auta ya biyo ni da takardar likita. Ma'aikacin tsohon sani ne, mun tsufa tare a ɗakin nan. Da ganina ya washe baki ya ce kwana biyu, ya jawo leda da allura, ya buga gadon da tafin hannu. Ba zai tambaye ni komai ba. Gwajin da yake yi ba ya ganin irin abin da ke jikina. In kwanta minti goma sha biyar, in fito da auduga, shi ke nan. Har na zauna a bakin gadon na fara naɗe hannun riga. Likitan Yawunde da kansa ya ce bai ce na cutar da kowa ba, na yi ta nanata wa kaina haka. Sai na tuna tsinin nan, na ga ledar a rataye saman kanta yana gangarawa ɗigo ɗigo. Na sauke hannun rigar na ce wa ma'aikacin ya ba mu minti biyar.

A gindin wani dalbejiya bayan labo na faɗa wa Auta komai. Ya saurara kamar malami, ya yi tambaya biyu uku masu ma'ana, sannan idonsa ya kawo ruwa a bayan tabarau. Wannan ya ba ni haushi fiye da komai. Na ce masa ba mutuwa na ce zan yi ba, ya adana hawayensa, kuma in ya faɗa wa wani ban yafe ba. Ya share fuska ya ce, "To Hamma, a gwada nawa."

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Mutumin da rago ke kora ɗaki. Amma babu lokaci, muka koma. Ma'aikacin ya dube ni ya dube shi, ya jawo allura bai nemi ba'asi ba, Allah ya saka masa. Ya soki yatsan Auta ya ɗiga a kan farin faranti, ya jujjuya, sai ya ɗago yana mamaki ya ce ai irin nawa ne sak, mai shiga jikin kowa, ashe mu biyu ne a gidan. Uwata na kwance tsakanin rai da mutuwa, an samu jinin da zai cece ta, ya kamata in yi hamdala. Na yi da baki. Amma abin da na fara ji, kafin hamdalar, shi ne an yi mini sata. Shekara kusan talatin ina ɗaukar abin nan nawa ne ni kaɗai, ashe yana nan kwance a jikin ɗan lelen, bai ma san da shi ba, bai taɓa wahala a kansa ba.

Ya kwanta ya juya fuska bango yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ledar ta cika da jini ja wur, lafiyayye, ina tsaye ina kallo. Da aka zare allurar ya yunƙura zai tashi sai ya sulale. Ni na ɗaga ƙafafunsa sama, ma'aikacin yana masa fifita da kwali. Na ji daɗin sumar nan, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ko ba komai ni ban taɓa faɗuwa ba.

Mu biyu muka shiga labo, mu biyu muka fito, kuma babu wanda ya yi tunanin tambaya. Auta ya sauke dogon hannun rigarsa ya rufe audugar. Da aka ga ya yi fari sai gwaggo ta ce ai shi dama ganin jini kaɗai ya ishe shi, aka yi dariya kaɗan, dariyar farko tun safe. Ta miƙo mini gorar folere mai sanyi ta ce sha ka mayar. Na dubi Auta, ya kau da kai. Na kafa kai na shanye.

Washegari da la'asar Inna ta dawo hayyacinta sosai. Muna zagaye da gadon, ƙannena mata da gwaggo, Auta a wajen kanta yana mata fifita. Ni ina can wajen ƙafa, inda ɗan fari ke tsayawa. Sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Na matsa na durƙusa, ta ɗora hannu a kaina, hannun ba nauyi.

"Na ba ka jini, ga shi ka dawo mini da shi," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Shekara hamsin da biyu ina jiran jin sunan nan a bakin nan. Na ce amin. Gwaggo ta fara sharar hawaye, Auta ma ya ce amin, bai fasa fifitar ba.

Wanda bai san hassada ba zai ɗauka daga nan na huce. Sai ma abin ya ci gaba. An sallamo Inna bayan mako guda, kullum da safe in biya gaishe ta kafin kasuwa, in tarar tana ɗan takawa a tsakar gida, leɓɓanta sun yi ja, in ce a raina nasa ne ke yawo a ciki. Tabarmar tasa, kwanon nasa, yanzu har cikin jijiyarta ya shiga. Abu ɗaya da na samu kuwa, na san na sata ne. Na yi ta tsokanarsa da faɗa. Na ce ya ajiye moto a hanyar mutane, na ce rufin ɗakin Inna na yoyo yana zaune yana karatu, na ce malaman makaranta ba su san komai ba sai alli. So nake ya fusata ya jefe ni da maganar, ko da mu biyu ne, ya ce ka sha folerena ka karɓi albarkata. Da ya faɗa da na samu abin riƙewa a kansa. Bai faɗa ba. Sai dai ya gyara moton, ya hau rufin, in mun keɓe ya tambaye ni yaushe ne gwaji na gaba. Kirkin nan nasa ya fi jinin ƙona mini rai.

Matata ta gaji da ni. Ta ce tun da aka sallamo Inna ban ci abinci na ce ya yi daɗi ba, in je in faɗi gaskiya ko in bar mutane su sha iska. Na yi mata tsawa, na kwana biyu ina fushi, sannan na tafi, saura kwana biyu Auta ya koma Cholire don buɗe makaranta.

Na same ta da hantsi a inuwar ɗakinta tana yanka kuɓewa za a shanya. Na zauna daga bakin ƙofa. Tun daga asibiti ba ta sake kiran sunan ba, amma takan ɗan dube ni yanzu, kuma na san abin da zan faɗa zai iya tafiya da wannan ma. Na fara ta inda bai kamata ba. Na ce jinin da aka sa mata ba nawa ba ne, na Auta ne. Wuƙar ta tsaya. Sannan na koma baya na kawo Yawunde da tsinin da shekara huɗun, ina ta cewa ba daji ba ne, ba daji ba ne, har na ji na fara kama da mai rantsuwar ƙarya.

Ba ta dube ni ba. Ta tambayi kuɓewar da ke gabanta ko yana ciwo, na ce a'a. Ko akwai magani, na ce babu sai jira. Ta ci gaba da yanka, yanka uku ko huɗu, sannan ta ɗaga murya ta kira Auta da ɗaya daga cikin sunayen nan nasa.

Na shirya. Na san abin da ke tafe: za ta ɗora masa hannu a ka, a gabana, ta mayar masa da abin da na karɓa. Na ce a raina daidai ne, hakkinsa ne, amma haƙorana a cije suke. Ya zo ya zauna bakin tabarma, ya dube ni ya gane. Inna ta tambaye shi, shi da ya yi boko, in abin nan ya juya me ake yi wa mutum. Ya ce akwai magunguna, kuma sau da yawa akan ƙara jini. Ta ce jinin wa. Ni na amsa, don na fi shi sani: irin namu yana shiga jikin kowa, amma shi ba ya karɓar na kowa sai irinsa.

"Ka rubuta wa manyanka su dawo da kai Garwa," ta ce wa Auta. "Jinin nan kuma kada ka ba kowa. Ko ni na sake kwantawa a nemo wani. Na wancan ne, ka ajiye masa."

Auta ya ce to Inna. Ta jawo faifan ta ci gaba da aikinta. Ba ta gode masa ba, ba ta sa masa albarka ba, ba ta kuma ce in dawo da wadda na karɓa ba. Na saci kallonsa in ga ko abin ya taɓa shi. Ko a jikinsa. Ya ɗauki kuɓewa ɗaya yana taya ta cire kai. A nan na gane abin da na fi yi masa hassada a kai tun muna yara: shi bai taɓa bukatar a faɗa masa ba.

An ɗauki shekara biyu kafin a dawo da shi. Inna ta ga dawowarsa, ta rasu shekarar da ta biyo baya, da ciwon da bai nemi jini ba. Yanzu gidansa layi biyu ne daga nawa. Dangi sun san komai, sun yi kallon bankwanansu sun gaji, tunda na ƙi mutuwa. Masu neman jini sun gano shi, yakan ba su haƙuri ya ce an hana shi, ya taya su nema. Na ce masa wannan wauta ce, jini yana dawowa cikin 'yan watanni, ni na fi kowa sani, ya je ya bayar. Ya ce shi dai abin da aka ce masa ke nan.

Duk shekara shi ke kai ni karɓar sakamako a bayan motonsa, ya zauna a baranda yana jira. Tsinin bai motsa ba har yau. Na zama mai sa ido a kan lafiyarsa fiye da matarsa. In na gan shi yana gudu a kan titi in tare shi in zazzage shi, in ya yi zazzaɓi ni ne farkon zuwa dubiya, mutane na cewa ka ga 'yan'uwa masu zumunci. In na bi ta kaina, ciwon dajin rabin tsorona ne. Sauran rabin shi ne ranar da zan buɗe ido a gadon asibiti in ga ledarsa a rataye saman kaina, shi kuma a gefe ya yi fari, yana tambayata ya jiki. Bayan kowace salla ina roƙa masa lafiya da tsawon rai, kuma har yau ban iya yin addu'ar nan da zuciya ɗaya ba.